Tsakanin Ƙauye da Birni: Jigon Barin Gida a Ƙagaggun Labaran Hausa, Bisa Ma'aunin Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Shekaru da dama ke nan ina duba kundayen ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku a kan abin da suke kira tasirin zamani a kan al'adun Hausawa, har na kai ga iya faɗin abin da ke babi na biyar tun ban gama babi na ɗaya ba. Ɗalibi zai zaɓi wani gari, ya tsara al'adunsa na aure da haihuwa da mutuwa kamar yadda tsofaffi suka shaida masa, sa'an nan ya jero abubuwan da suka shigo daga waje, watau boko da rediyo da fim da wayar hannu, ya ɗora musu alhakin rushewar kome da kome. Garin da ke cikin irin wannan kundi kullum zaune yake lami lafiya, ƙofofinsa a rufe, har ranar da zamani ya zo ya ƙwanƙwasa. Na daɗe ina tambayar kaina inda ɗalibanmu suka samo wannan hoto, alhali mafi yawansu 'ya'yan irin waɗannan garuruwa ne, sun kuma san ba haka abin yake ba. Amsar da na tsaya a kanta ita ce, daga gare mu suka same shi, mu malamansu, ta cikin littattafan da muka sa su karanta da kuma yadda muka karantar da su.

A wannan maƙala za a duba yadda ƙagaggun labaran Hausa suka ɗauki jigon barin gida da shigowar baƙi, sa'an nan a auna abin da suka faɗa da rayuwar garuruwa biyu na kudancin Jihar Jigawa, watau Birnin Kudu da Gwaram. An zaɓe su ne domin sun faɗa cikin wani rukuni da adabinmu ya yi wa riƙon sakainar kashi: sun wuce a kira su ƙauye, ba su kuma kai Kano ko Kaduna ba. Hedkwatocin ƙananan hukumomi ne masu hakimi da alƙali da kasuwa da tasha da asibiti, kuma a ƙidayar 1 ta wannan ƙarni, watau ta 2006, ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta haura mutum dubu 300, ta Gwaram kuwa ta haura dubu 270. A irin waɗannan wurare ne abin da ake kira dunƙulewar duniya yake saduwa da manomi ido da ido.

Daga matafiyi zuwa ɓatacce

Mai karatu zai tuna cewa littattafan da suka fito daga gasar Hukumar Talifi ta 1933, waɗanda aka buga a 1934, kusan dukkansu labaran tafiya ne. Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja ya bar gida ya zaga duniya, ya komo da abin da ya fita nema. Ganɗoki na Bello Kagara ya nufi gabas bayan zuwan Turawa, ya komo ya tarar da ƙasa ta sake. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ba da son ransa ya fita ba, sace shi aka yi yana yaro, bauta ta ƙetarar da shi Hamada zuwa ƙasar Masar, amma duk da haka a can ya sami ilmin da ya mai da shi shaihi. Abin lura a cikin wannan littafi na ƙarshe shi ne, har mace ta yi tafiya: mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta ta ratsa Hamada, ta sha wuyar da ta fi tasa. Marubutan wannan zamani ba su ɗauki fita daga gida a matsayin laifi ba. Sun tashi cikin al'ummar fatake da almajirai da alhazan ƙasa, inda ake cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma mutum ba ya cika mutum sai ya ga wani gari ban da nasu.

Bayan shekara 44 sai ga Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1978. Tauraronsa, Ibrahim, saurayi ne da ya raina zaman ƙauye, ya nufi birni da zaton can daɗi yake, ya faɗa hannun miyagun abokai, ya shiga aikata laifi, ya girbi abin da ya shuka. Sunan littafin kansa ya riga ya yanke hukunci, domin kowa ya san karin maganar da aka ciro shi daga ciki, ta mai yi wa rogo kallon kitse. A nan karin maganar da ke mulki ta canza, ta koma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba a rasa dalilin wannan juyi ba. Tsakanin 1972 da 1974 an yi fari mai tsanani a Arewa, a 1975 cuta ta hallaka gyaɗa, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika birane da gine-gine da aikin lebura. Matasa suka yi ta kwarara Kano. Gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ana ta kiran jama'a su koma gona. Kitsen Rogo ɗan wannan yanayi ne, kuma ya yi aikin da ya sa gaba da gaskiya da ƙwarewa. Hausarsa mai daɗi ce, hotonsa na rayuwar 'yan iskan gari ya zauna. Shekara biyu bayan fitowarsa, a watan Disamba na 1980, tarzomar Maitatsine ta ci rayuka fiye da dubu 4 a Kano, kuma da yawa daga cikin mabiyan mutumin nan samari ne da suka baro karkara. Wanda ya karanta littafin a lokacin zai ce marubucin ya hango abin da ke tafe.

To, ina aibin? Aibin yana ga zubin labarin, wanda ya zama ƙa'idar da aka yi ta bi ba tare da tuhuma ba. Duniyar labarin gida biyu ce tak: ƙauye, inda tarbiyya take, da birni, inda ɓata take. Hanya ɗaya ce ta haɗa su, kuma mai binta namiji ne, saurayi, shi kaɗai. Da zarar ya hau mota, marubuci ya hau tare da shi, ba a sāke waiwayar waɗanda aka bari sai ranar da za a komo musu da nadama. Ba mai shigowa ƙauyen daga wani wuri. Ba kuma wanda ya tafi ya samu, ya komo ya gina shago, ya aurar da ƙannensa, alhali kuwa irin wannan shi ne ya fi yawa, shi ne kuma dalilin da ya sa na baya suke bin sawu. Idan kowane ɗan ci-rani ƙarshensa kurkuku ne, me ya sa motocin Ikko suke cika kowace kaka?

Sulaiman Ibrahim Katsina ya ɗan kauce wa wannan zubi a Turmin Danya (1982), inda ya nuna ta hannun Alhaji Gabatari yadda fasa-ƙwauri da kayan ƙetare suke sayen mutuncin gari da ma'aikatansa. A nan ɓarnar ba ta jira saurayi a birni ba, ita ta iske mutane a gida. Sai dai littafin ya fi mai da hankali ga fallasa azzalumi, bai tsaya kan yadda talakan gari yake saƙa rayuwarsa da waɗannan kayayyaki ba. Adabin kasuwar Kano da ya biyo baya, daga Budurwar Zuciya ta Balaraba Ramat Yakubu (1987) zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) da ɗimbin waɗanda suka bi su, ya buɗe ƙofar cikin gida da zuciyar mace, abin da ba a yi ba a da, kuma wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce. Amma wajen wuri, birni ya cinye shi. A yawancin waɗannan littattafai ƙauye wuri ne da ake ɗauko 'yar aiki, ko a tura yarinya don horo.

Garin da bai taɓa rufe ƙofa ba

Bari mu ajiye littattafai mu nufi kudu maso gabas da Kano, mu wuce Wudil, mu yi tafiyar kimanin kilomita 130. Abu mafi tsufa da ɗan Adam ya bari a Birnin Kudu shi ne zanen da ke jikin duwatsun Habuɗe da Mesa da 'yan'uwansu, wanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950 tare da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa. Zanen na shanu ne, kuma shanun ba su da tozo, watau ba irin waɗanda ke kiwo a wannan ƙasa yau ba ne. Masu shanun sun zo, sun zauna, sun wuce ko sun narke cikin waɗanda suka biyo bayansu, wasu shanun suka maye gurbin nasu. Shafin farko na tarihin garin ke nan, kuma labarin ƙaura ne.

A ƙarni na 19 wannan yanki bakin iyaka ne na ƙasar Kano. A wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda rikicin haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen da suka tarar, daga nan aka yi shekaru ana kai wa kudancin Kano hari. Adell Patton ya bi diddigin wannan tarihi a kundinsa na 1975. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne, yaƙi yana kwashe mutane yana zubar da su: wasu an kama su bayi, wasu sun gudo cikin ganuwa, wasu garuruwan an cika su da mayaƙa da aka kawo daga wani wuri don tsaron iyaka. A 1903 kuma, da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi har Burmi, waɗanda suka tsira wasunsu suka zarce Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta ɗaure manomin wannan yanki da farashin da ake yankewa a Ingila. Kakan da ɗalibinmu yake yi wa tambayoyi a kan "al'ada tsantsa" da kuɗin gyaɗa ya yi aurensa na fari, kuma turmin atamfar da ya sa a lefe daga ƙetare aka kawo shi.

Akwai wani abu da mu manazarta Hausa ba mu cika son faɗa ba. A wannan yanki, babbar guguwar da ta haɗiye ƙananan al'adu kafin Ingilishi ita ce Hausa kanta. Har yanzu akwai Warjawa a ƙasar Birnin Kudu da makwabtanta na Jihar Bauci, kuma harshensu yana cikin rukunin harsunan arewacin Bauci da Neil Skinner ya yi nazari a 1977. Harshen Butawa na ƙasar Ningi ya riga ya mutu a bakin masu shi. Fulanin Gwaram da Birnin Kudu da suka zauna cikin gari da yawansu jikokinsu ba sa jin Fulatanci. Wanda yake kukan cewa baƙin al'adu suna cinye Hausa, ya kamata ya tuna akwai tsohuwar da take irin wannan kuka a kan Hausa. Ban san ƙagaggen labari ko ɗaya da muke karantarwa wanda ya ba wannan tsohuwa baki ba, ko da yake ita ma Bahaushiya ce a yau, da Hausa take mafarki.

Sa'an nan ga makaranta. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta tara yara daga kowane lungu na tsohuwar Jihar Kano, cikinsu har da Aliko Ɗangote wanda ya gama a 1978. A waɗannan shekaru makarantun sakandare na jihar cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da aka fara turowa tun 1973. 'Yan Gana da yawa sun tafi da korar baƙi ta 1983. 'Yan kabilar Ibo masu kantin magani da kayan gyaran mota, waɗanda suka bar Arewa a 1966, sun komo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A shekarar da Kitsen Rogo ya fito yana nuna karkara a matsayin wurin da ake fita kawai, yaron Birnin Kudu yana iya koyon lissafi a hannun Ba'indiye da safe, ya sayi ƙwayar zazzaɓi a hannun Inyamuri da yamma.

Abin da ke faruwa a bayan matafiyi

Cin rani tsohuwar al'ada ce. Mansell Prothero ya yi nazarinta a lardin Sakkwato tun shekarun 1950. Ma'anarta a fili take cikin sunanta: mutum ya je ya cinye rani a wani wuri don hatsin rumbu ya kai iyali damina. Abin da ya sake shi ne tsawon zaman da nisan wurin da kuma abin da ake komowa da shi. Saurayin Sara ko Basirka ko Babaldu yanzu yana iya shekara biyu a Ikko ko Fatakwal ko Abuja yana acaɓa, ko gadi, ko turin baro, ko yankan farce, ya aiko kuɗin ƙwadago a nome masa gonarsa. Rayuwarsa kuwa tana rataye da hukuncin da ake yankewa a inda ba shi da murya. Da Jihar Kano ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013, dubban matasa suka watsu, wasu gida, wasu Kudu. A watan Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu 48, aka tsare su ana tambayar abin da ya kawo su, kafin a sake su. A 2020 da 2022 Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana da amo a wani gida a ƙasar Gwaram: an ɗage biki, an sayar da akuya, an janye yaro daga makaranta.

A nan ne nake ganin marubutanmu suka yi babbar asara, domin labarin yana gida, ba a tasha ba. Ɗauki gandu. Polly Hill, a littafinta na 1972 a kan Batagarawa, ta nuna yadda gandu yake tsaye bisa wata yarjejeniya: ɗa ya ba uba ƙarfinsa, uba ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa aure. To, yaya wannan yarjejeniya take idan ɗan ne yake aiko kuɗin taki daga Ikko, shi ya yi wa kansa aure, shi ya sake wa uban rufin ɗaki da kwano? Uban yana nan da girmansa, ana durƙusa masa, ana ce masa Baba, amma shawarar abin da za a shuka ta waya take zuwa. Na zauna a wata majalisa a ƙasar Gwaram inda wani dattijo ya ce da ni, "Malam, da mu ke sa wa yaro rana, yanzu shi ke gaya mana ranar da zai samu zuwa." Bai faɗi wannan da ɗaci ba, har da 'yar dariya, kuma sabuwar rigar da ke jikinsa yaron ne ya aiko. Wannan haɗuwar alfahari da raguwar iko a zuciyar mutum ɗaya, ai ita ce abincin ƙagaggen labari. Zubin ƙauye mai tsarki da birni mai ɓata ba shi da wurin ajiye ta.

Haka kuma matar ɗan ci-rani. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sa'an nan masu na'urar cirar kuɗi suka bazu a kasuwanni da bakin tasha, kuɗin da a da ake damƙa wa direba ko wani ɗan gari ya kai wa uba ko wa, yanzu yana iya zuwa kai tsaye hannun matar. Wannan ɗan ƙaramin canji ya taɓa zaman suruka da matar ɗa, ya taɓa adashi, ya taɓa sana'ar cikin gida, ya kuma haifar da sabon irin zargi da sabon irin saki, wanda ake yi ta waya. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sakamakon sauya fasalin naira, kasuwannin ƙauye suka tsaya cik, aka ga manomi da buhun hatsi ya rasa mai saye da kuɗi a hannu, aka ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba tana tambayar ko kuɗi sun shigo waya. Wata uku kacal suka koya wa karkara abin da shekara 20 na wa'azin bankuna bai koya mata ba.

Shigowa ma ba ta tsaya ba. Riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa take cikin manyan masu nomansu, sun maye gurbin gyaɗa wajen haɗa manomi da kasuwar duniya: riɗin yana tafiya ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuwa Meziko. Da kaka dillalai da 'yan kamasho suna sauka kasuwanni irin ta Sara, farashi yana hawa da sauka bisa canjin dala. Baburan da ke kai kayan kasuwa ƙirar Indiya da Sin ne. Asibitin tarayya na Birnin Kudu ya tara likitoci da ma'aikatan jinya daga sassa daban-daban na ƙasar nan, su ma da iyalansu da cocinsu da irin abincinsu. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 ya juya fuskar ma'aikata daga Kano zuwa Dutse, kuma ƙasar Birnin Kudu ta ba jihar gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu (1992 zuwa 1993) da Sule Lamiɗo na Bamaina (2007 zuwa 2015), abin da ya jawo tituna da gine-gine da 'yan kwangila da masu neman aiki. Akwai kuma baƙin da wuya ta koro. Rikicin Boko Haram ya turo iyalai daga Barno da Yobe, kuma a watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka kai hari garin Gwaram kansa, suka kashe 'yan sanda. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu na asali, yara suka sauka a garuruwan da wasunsu ba su ma iya gane ƙofar gidansu ba.

Tambayar da ta kamaci mai nazarin al'ada ita ce, da wace ƙa'ida gari yake karɓar kowane irin baƙo daga cikin waɗannan? Hausa tana da tsohon tsari na zango da fatoma da mai masauki, tana da kalmomin da suke bambanta baƙo da ɗan gari da bazawari a sana'a da wanda ya zama na gida. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka gina rayuwarsu a kan wannan tsari a matsayinsu na baƙi. Muna da nazarin Bahaushe baƙo a garin wasu. Nazarin Bahaushe mai masauki a nasa ƙaramin gari shi ne ya yi ƙaranci. Wa ake ba hayar shago, wa ake ba aron gona, wa ake ba aure? Bayan shekara nawa ake daina ce wa mutum "mutumin Gashuwa"? Ɗan Inyamurin da aka haifa a Birnin Kudu, wanda Hausarsa ta fi tawa karin gabas, me yaran unguwa suke kiransa idan an yi faɗa, me kuma suke kiransa idan ana ƙwallo?

Harshe da fim

A wajen harshe ma ɗalibanmu sun saba kawo jerin kalmomin aro, su ce ga shaidar lalacewa. Jerin ba ya gaya mana kome sai an tambayi hanyar da kalma ta biyo. Anko, wanda yanzu ba a biki sai da shi, ta hannun Yarbawa ya zo, 'yan ci-rani da matan bariki suka kawo shi. Oga ta biyo wannan hanya, har ta fara ture maigida a bakin yaran shago da 'yan acaɓa, kuma duk mai kunne ya san nauyin da ke kan maigida ba shi ne ke kan oga ba: maigida yana yi wa yaronsa aure, oga sallamarsa yake yi. Kalmar turawa kuwa tamu ce tun asali, amma ta sami sabon aiki, har idan uwa ta ce "bai turo ba" kowa ya san abin da ba a turo ba. Kurmi, wanda a da yake nufin dajin da fatake ke zuwa sarin goro, yanzu yana nufin ƙarƙashin gada a Ikko.

Fim ya ɗan fi littafi ƙoƙari a nan. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda masu kallo da masu shirya fim na Hausa suke ɗaukar abin Indiya su sarrafa shi don biyan buƙatar kansu, watau mai karɓa ma yana da zaɓi. Wasan Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya gina ƙagaggen gari matsakaici mai ɗauke da Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, malami da ɗan tasha, kuma karɓuwar da ya samu ta nuna jama'a suna ƙishin ganin irin garinsu. Sai dai shi ma sau da yawa wa'azi yana rinjayar labari, kowane ɗan wasa yana ɗauke da darasin da aka ba shi ya isar. Ga kuma finafinan barkwanci, inda baƙauye ya zama abin dariya da hularsa da karin harshensa, ana kallonsa a wayoyin da aka yi wa caji a shagon bakin kasuwar Sara, masu kallon kuwa su ne ake kwaikwayo.

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina na digiri na biyu aikin gida: kowa ya karanta Kitsen Rogo, sa'an nan ya rubuta babi ɗaya da ba ya cikin littafin, watau abin da ya faru a gidan su Ibrahim a damina ta farko bayan tafiyarsa. Wa ya nome gonarsa, me aka gaya wa yarinyar da ake yi masa kamu, wa ya sauka a ɗakinsa. Wata ɗaliba 'yar ƙasar Gwaram ta kawo shafi 11. A cikin babin nata, an ba wani malamin makaranta baƙo hayar ɗakin, kuma da kuɗin hayar uban ya sayi irin gyaɗa.